Igiya a Hannun Kawu Maɗaci

Ku matso kusa, ƙirjina ba ya son ɗaga murya yanzu. Na ji ku ɗazu da aka tashi sujada, kuna dariya a gindin bishiya, wai haƙar rijiya mi ce ce in ba rami ba, kowa ma ya iya rami. Yo ai gafiya ma ta iya, sai ku je ku sha ruwa a nata. Na kuma ji ka, Luka, kana cewa za ka bar wurin aikinka don akwai wani mai baƙar magana da ya hana ka sakat. To, maganganun nan biyu amsarsu ɗaya ce a wurina. Ni nan na yi shekaru raina yana rataye a igiya, igiyar kuma tana hannun mutumin da bai taɓa faɗa mini kalma mai daɗi ba.

Rijiyar farko da na shiga a ƙasar Wurma take, tun kafin a sami mulkin kai, ina saurayi ko gemu bai fito ba. Ubangidana Malam Idi Sarkin Rijiya ne, mutumin Kurfi, gajere mai faɗin kafaɗa. Shi Musulmi ne, mu kuwa 'yan gidaje ne na masu bin Almasihu a wata unguwa bayan dutse, da ɗakin sujadarmu na jinka. Wannan bai taɓa damunsa ba. In za a yi saran farko, shi ya yi bisimillarsa, ni in sunkuyar da kai in yi addu'ata, sai a kama aiki. Kayanmu duka jaki guda ke ɗauka. Akwai dagi, sandar ƙarfe mai kaifin baki, da diga mai gajeriyar ƙota don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami, da ƙwaryar kwasar ƙasa, da gugan fata. Sai gungumen ƙirya da ake gicciyawa a bakin rami, igiya ta riƙa bi ta kansa har ta yi masa gurbi. Igiyoyin biyu ne, na rama, ɗaya ta guga, ɗaya ta ƙugu. Ta ƙugun nan ba a kwance ta muddin kana ƙasa, ko da ta ci maka fata.

Damina ta wuce sau biyu kafin Malam Idi ya bar ni in sara bango da kaina. Kuna tsammani sara kawai ake yi? In ramin ya karkace ko da kaɗan, guga zai riƙa gugar bango yana zubo wa na ƙasa tsakuwa a ka. Dutse muke ɗaura wa zare mu saki a tsakiya, mu auna kowane gefe da kara. Ƙasar ma sai ka san ta. Rairayi ne a sama, shi ne maƙaryaci, yana iya rufe mutum yana tsaye. Sai jar ƙasa, sai marmara mai cin bakin diga. Bayan nan ko dai ka tarar da tsakuwa mai sanyi ka san ruwa ya kusa, ko kuwa ka ji dagi ya yi ƙara ya dawo maka a hannu. In ya yi wannan ƙarar, kun ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Ku da kuka tashi a Dutsin-Ma ba sai an gaya muku yawan duwatsun ƙasar nan ba, wanda ke ƙarƙashi ya fi wanda kuke gani.

Amma babbar dokar Malam Idi ba ta ƙasa ba ce, ta baki ce. Rijiya in ta yi zurfi, wata muguwar iska takan kwanta a gindinta. Ba ta da launi, sau da yawa ko wari babu. Ba ta shaƙe mutum ya yi ihu, a'a, barci take sa shi, ya zauna ya jingina da bango, shi ke nan. Na sama ba ya ganin na ƙasa, duhu ne. Don haka mai riƙe igiya dole ya riƙa magana, na ƙasa kuma dole ya riƙa amsawa. Malam Idi yakan ce, "Ko waƙa ya yi maka, ka amsa. Ko shirme ya faɗa, ka amsa. Ranar da aka kira ka aka ji shiru, jawo ka za a yi, ba tambaya."

Mai riƙe igiyarmu kuwa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Sunansa Tanko, amma daga Kurfi har Dutsin-Ma ba wanda ya san shi sai da Maɗaci. Da can gwanin haƙa ne, sai bangon wata rijiya ya zubo masa a ƙafa, ta warke a karkace, ya koma bakin rami. Hannunsa a kan igiya babu irinsa, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya ji. Bakinsa ne abin gudu. Kada ku ce ko don ba mai bi ba ne, tare muke zuwa sujada, a kan benci ɗaya. In an yi waƙa ya ce an ja ta da yawa. In an gajarta ya ce mutane sun zama ragwaye. In aka kawo mana fura a wurin aiki ya ce ta yi tsami, gobe a kawo sabuwa ya ce ba ta kwana ba. Kowace rijiya muka fara, kafin a kai gwiwa zai leƙa ya ce, "Nan ba ruwa, wahalar banza." Mun sami ruwa a gabansa ba iyaka, bai fasa faɗa ba.

To ku duba, doka ta ce mai igiya ya riƙa magana, maganar Kawu kuwa iri ɗaya ce. Kana can ƙasa, zufa na shiga ido, gwiwa a cikin tsakuwa, sai ka ji daga sama, "Kai Ishaya, ragon banza, tun safe abin da ka tara ke nan? Tsohuwa ma ta fi ka." Kuma doka ta ce ka amsa.

Ni fa ba sanyin hali aka haife ni da shi ba, ku tambayi matata. Wata Lahadi na tsaya bayan sujada na sami Malam Yohanna, mai wa'azinmu, yana ɗaure buhu a bayan kekensa. Na ce, "Malam, zan bar aikin nan. In ban bari ba wata rana zan fito daga rami in yi abin da za a ji kunya."

Ya ce, "Igiyarsa ta taɓa suɓucewa?"

Na ce, "A'a."

"To bakinsa ne kawai ke suɓucewa." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sai ya jingina keken ya dube ni. "Ishaya, ba a ce ka ji daɗin maganarsa ba, ba daɗi gare ta. Amma ka tuna wanda muke bi. An zage shi bai rama ba, kuma bai juya wa masu zagin baya ba. Mu ma ba don muna da daɗin zama ya ƙaunace mu ba. Kawunka yana da ciwon da ba kai ka ji masa ba, ba kuma kai za ka warkar ba. Naka shi ne kada ɗacinsa ya zama naka."

Na ce, "To in ya zage ni in ce mi? Na gode?"

"A'a, wannan ƙarya ce, kada ka yi ta. Ka saurara, a cikin kowace maganarsa akwai 'yar aba ta aiki. Ita za ka tsinta ka amsa, da murya mai kyau. Sauran ka bar wa Allah. Kuma kafin ka sa ƙafa a rami, ka ambaci sunansa a addu'arka. Sunansa na gaskiya, ba Maɗaci ba."

Haka na riƙa yi. In ya ce, "Rago, gugan nan rabi ne," in ce, "Gaskiyarka Kawu, na gaba zai cika." In ya ce, "Bangon nan ya karkace kamar hankalinka," in ce, "Ta wane gefe, Kawu? Saki zare mu gani." Wani lokaci kuwa da gaske ya karkace. Da fari haƙora nake cizawa kafin in amsa, har muƙamuƙina ya yi ciwo. Ana nan ana nan sai abin ya zama jiki. Ban ce ya daina zafi ba. Amma na lura in na amsa da sanyi aikina yakan tafi daidai, in koma gida in ci tuwo in yi barci. Shi ko bai canja ba ko kaɗan.

Abokin aikina Ɗan'azumi tasa hanyar daban ce. Mutumin kirki ne, mai ƙarfi, amma in Kawu ya caɓa masa magana sai ya yi gum. Wata rana a wata rijiya kusa da Ɗantutture Kawu ya kira shi ya ji shiru, ya sake kira shiru. Muka kama igiya muka jawo shi da gudu, bango duk ya kuje masa baya. Ya fito lafiya lau, fuska a murtuke, fushi kawai yake yi. Mutanen unguwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam Idi bai yi dariya ba. Ya ce masa, "Yau ka ɓata shirunka. Gobe in ka yi na gaske, wa zai yarda?" Daga ranar in Ɗan'azumi ya yi shiru a ƙasa sai a ce, ƙyale shi, ya hau dokin nasa.

Akwai wata rijiya da muka yi wa wani Alhaji mai fataucin hatsi a Dutsin-Ma, a tsakar gidansa, lokacin Malam Idi ya tsufa ya miƙa mini kayan aiki. Ƙasa mai kyau, marmara mai tsayawa da kanta, ba sai an ɗaure bango ba. Alhajin mutum ne mai sakin fuska, kullum da goronsa a aljihu. Ya zauna a kan tabarma yana jin yadda Kawu ke yi da ni tun safe har azahar. Da na fito sai ya ja ni zaure. Ya ce, "Malam Ishaya, yanzu kai ne babba. Mi ya sa kake ajiye da tsohon nan? Ina da ƙato a gidan nan, mai ladabi, ɗauke shi ya riƙe maka igiya." Na yi masa godiya. Na ce, "Alhaji, in na sallame shi ba mai ɗaukarsa. Kuma kawuna ne." Ya girgiza kai ya ce haƙurina ya yi yawa. Ni kaina a hanyar komawa gida na yi ta juya maganar, don ƙaton nan na gan shi, ko kallon banza ba ya yi wa mutum. Da muka isa mararraba Kawu ya ce jakin ma ya fi ni saurin tafiya. Na ce, "To bari in ɗaga ƙafa, Kawu."

Sai muguwar shekara ta zo, bayan mulkin kai da 'yan shekaru. Ruwa ya ɗauke gero bai cika ido ba. Kafin tsakiyar rani rijiyoyi sun koma laka, mata na tonon yashi a ƙorama suna jiran ƙwarya ta taru. Mai unguwar wani ƙauye a ƙasar Rawayau, Malam Sani, ya zo har gida ya same ni. Ya ce in ba su sami ruwa ba, tashi za su yi su bar kushewun iyayensu. Muka ɗora wa jaki kaya, ni da Ɗan'azumi da Kawu.

Mun yi nisa ƙwarai, sama ta koma kamar bakin ƙwarya, sai dagi ya yi ƙarar nan. Fa ne, shimfiɗe, baƙi. A lokacin ba mu da abin fasa dutse sai wuta. Akan tara ƙirare da kara da busasshen kashin shanu a kan fan, a kunna, a bar shi ya ci har dutsen ya yi ja. Sa'an nan a kwarara masa ruwa daga sama, ya tsage, a shiga da dagi a ɓamɓare. Ruwan yana aiki biyu, yana fasa dutse, yana kuma kashe wutar. To a shekarar da ake raba ruwa da ludayi, ina za ka sami na kwararawa? Mata suka kawo abin da suka samu, kowace da ɗan abin da ke gindin tulunta, suna kallo muna zuba shi a rami. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a ƙaro. Muka ji dutse ya yi ƙara, tururi ya taso, muka ce ya isa. Ashe can ƙarƙashin toka garwashi na nan da ransa.

Da safe muka ɗaura rassan marke a igiya muka yi ta ja sama da ƙasa don a kore hayaƙi. Muka saki fitila a cikin guga, ta sauka ta dawo tana ci. Kawu ya leƙa ya shinshina ya ce, "Kada ka shiga, ramin nan bai yi mini ba." Amma wane rami ne ya taɓa yi masa? Mutanen gari sun kewaye mu, yara na riƙe da ƙorai. Na ɗaura igiyar ƙugu, na sunkuyar da kai, na ambaci Tanko kamar kullum, na fara sauka.

Ina cikin sauka ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Taurin kai irin na ubanka. Shi ma haka ya ƙi jin magana, ya mutu ya bar 'yar'uwata da wahala." Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya a kan matakalar da muka sara a bango. Na nemi 'yar abar aiki a cikinta ban samu ba. Sai kawai na ce, "Na ji, Kawu. Saki igiya a hankali."

Na isa ƙasa. Dutse ya tsage da kyau, na yi murna, na soma ɓamɓara. Ƙafata na jin ɗumi ta cikin toka. Can sai kaina ya fara sarawa, sai wata kasala mai daɗi ta sauko mini. Na ce bari in ɗan zauna. Na ji muryar Kawu daga nesa, na buɗe baki in amsa, harshe ya ƙi ɗaguwa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran Malam Sani ne ya ba ni labari. Ya ce Kawu ya leƙa ya ce, "Kai Ishaya, barci ka je yi?" Aka ji shiru. Ɗan'azumi ya ce, "Ƙyale shi, Baba. Yau kam ka kai shi bango, ka taɓa ubansa. Fushi ya yi." Dattawan wurin suka ce gaskiya ne, ko waye aka faɗa wa wannan sai ya yi shiru, a bar shi ya huce.

Kawu ya ce, "Ku kama igiya."

Ɗan'azumi ya ce, "Mu jawo babban mutum a gaban jama'a, a yi mana dariya irin ta rannan? Ka ƙara kiransa tukuna."

Bai ƙara kira ba. Ya naɗe igiyar a damtsensa, ya tokare gungume da karkatacciyar ƙafar nan, ya fara ja shi kaɗai. Malam Sani ya ce sai da suka ga jini na bin igiya daga tafinsa sa'an nan suka ruga suka kama.

Na farka a gindin tsamiya, ana yi mini fifita, kaina kamar zai rabe. Wata tsohuwa ta ɗiga mini ruwan da ta ɓoye wa jikanta. Kawu na zaune a gefe, ya juya mini baya, ana ɗaure masa hannuwa da tsumma. Da na iya magana na ce, "Kawu, yaya aka yi ka sani?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Na kira ka, ka yi shiru. Kai ba ka taɓa yi mini shiru ba." Can ya ja hanci ya ce, "Kuma ka rage cin tuwo. Kowa ya rame a shekarar nan ban da kai."

Muka bar ramin ya sha iska, aka zuba yashi aka kashe garwashin. Ƙarƙashin fan nan tsakuwa ce mai sanyi, muka sami ruwa, mutanen ba su tashi ba. Aka miƙa wa Kawu ƙwaryar farko, ya kurɓa ya ce da ɗanɗanon kanwa.

Luka, ban ce maka mutumin wurin aikinka zai jawo ka daga rami wata rana ba. Mai yiwuwa har ku rabu ba zai gode maka ba. Ni ma ba don a cece ni nake amsawa ba, ban san ranar na zuwa ba. Na yi ne don haka aka yi mana, haka kuma aka ce mu yi. In abin ya fi ƙarfinka ka zo mu yi addu'a tare, ka faɗi sunansa na gaskiya. Amma kada ka bari ya koya maka irin bakinsa, kada kuma ya koya maka gum.

Kawu ya riƙe mini igiya har ƙarfinsa ya ƙare. Daga ranar nan ta Rawayau masifarsa ta ninku. Ba ya bari in yi 'yan sara kaɗan sai ya leƙo ya ce rago, ya ce malalaci, ya ce mi nake yi shiru haka. Mutane suka ce tsohon nan ya ƙara lalacewa, ko tausayin wanda ya kusa mutuwa ba ya ji. Ni na san abin da yake saurare. Sai in ɗaga kai in dubi ɗan hasken nan na sama, in ce, "Ina nan, Kawu."